Rabin Gudun Fanfalaki Sati Tara Kafin Babbar Gasa: A Saki Ƙafa Ko A Riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin wani ƙauye ne kusa da dam ɗin Tiga. Shekarata 34, nauyina kilo 65. Ina shirin shiga doguwar gasar tirayatalon ta Ironman a Afirka ta Kudu, karona na farko, wato ninƙaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2, duka a jere a rana ɗaya. Ina atisayen kimanin awa 12 a sati. Gudu mafi tsawo da na yi kilomita 24 ne, kuma ina cinye kilomita 10 a minti 48. To ga shi za a yi tseren rabin fanfalaki, wato kilomita 21.1, cikin hunturu, sati tara kafin tawa gasar. In shiga? Idan na shiga, in saki ƙafa iya ƙarfina ko in ɗauke shi atisaye kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka shiga, amma kada ka saki ƙafa tun daga farko. Ka riƙe kanka a kilomita 14 na farko, sauran bakwai ɗin ka ba su abin da ya rage maka. Ga dalili, kuma ga yadda ake yi.

Kilomita 21.1 ba su ne abin tsoro a wurinka ba, tunda ka riga ka wuce su a atisaye. Abin lissafawa shi ne kwanakin da tseren zai ci gabansa da bayansa. Sati tara ne a hannunka. Uku na ƙarshe na sassauta atisaye ne, don babu mai shiga Ironman da gajiya a jiki. Saura shida. Idan ka yi tseren da dukkan ƙarfinka, kwana 10 zuwa 14 ne kafin ƙafarka ta sake karɓar dogon gudu ba tare da ƙorafi ba. Masu horarwa kan ƙiyasta kwana ɗaya na sauƙi ga kowane mil da aka yi tsere a kai, rabin fanfalaki kuwa mil 13 ne. Ka ga shida sun koma huɗu. Waɗannan satuttukan kuwa su ne tsokar shirin naka, a cikinsu ne ya kamata ka hau keke na awa biyar da shida, ka kai gudunka zuwa kilomita 28 ko 30. Idan ka riƙe kanka yadda zan bayyana, kwana biyar zuwa bakwai sun isa ka koma kan atisayenka, satin aiki biyar suna nan daram.

Kuma ka sani, keke ne uban tafiya a wannan gasa. Wanda zai gama a awa 13, kusan awa shida da rabi zuwa bakwai a kan sirdi zai yi su, rabin gasar ke nan ko fiye. Yawancin waɗanda ake gani suna jan ƙafa a kilomita 25 na gudun ƙarshe ba rashin iya gudu ne ya kayar da su ba. Keke ne ya cinye su tun kafin su ɗaura takalmi, ko kuma ciki ya ƙi karɓar abinci. Saboda haka duk abin da zai rage maka awannin keke a wannan tsakani, sai ka tambayi kanka me zai ba ka a madadi. Taura biyu ba ta taunuwa: ko dai lokaci mai kyau a rabin fanfalaki, ko cikakken shiri na babbar gasa.

Nisan da ke tsakanin tseren biyu shi ke sauya hukunci. Da sati 12 ne ko fiye, sai in ce ka saki ƙafa, ba asara. Daga sati huɗu zuwa shida, a yi shi a saurin atisaye kawai, kada a yi rige-rige da kowa. Ƙasa da sati uku kuwa a haƙura. Kai kana tsakiya, shi ya sa ka sami hukuncin tsakiya.

Me ya sa gudu ke daɗewa a jiki fiye da keke da ninƙaya? Duk takun da ka yi, ƙafa tana karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma tsokar cinya da ta sha-raɓa suna miƙewa ne a daidai lokacin da suke ƙoƙarin riƙe ka. Wannan yana jawo ƙananan yagewa a cikin zaren tsoka, shi ya sa ciwon bai cika tsanani a ranar ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, har ka ga mutum yana dafa bango kafin ya zauna zaman tahiya. A keke sirdi ne ke ɗauke da kai, a ruwa ruwa ne. Akwai kuma wani abu da ya shafe ka musamman: idan atisayenka duk a kan burji da yashi kake yi, ƙafarka ba ta saba da taurin kwalta ba, tseren kuwa a kwalta za a yi shi. Daga yanzu, gudu ɗaya a sati ka mayar da shi kan kwalta, ka fara da kilomita takwas kana ƙarawa. Ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, kuma ka fita bayan gari ya waye sosai, don hazo yana ɓoye mutum ga direba.

Yanzu lissafin sauri. Akwai ƙa'idar da Peter Riegel ya fitar a 1977 ta hasashen lokacin dogon tsere daga gajere. Da ita, minti 48 a kilomita 10 yana nuna za ka iya rabin fanfalaki a kimanin awa 1 da minti 46, wato kusan minti 5 a kowace kilomita. Wannan shi ne iya ƙarfinka, ba shi za mu bi ba. Kilomita biyar na farko ka yi su a 5:25 kowace, wato minti 5 da daƙiƙa 25. Za ka ji kamar wasa kake yi, yara da dattawa za su wuce ka, ka bar su. Daga ta shida zuwa ta 14 ka zauna a 5:10 zuwa 5:15, saurin da za ka iya faɗin gajeriyar jimla ba tare da numfashi ya yanke ba. Daga nan, idan babu inda ke maka zogi, ka sauko zuwa 5:00 ko 4:55 har ƙarshe. Za ka gama a wajen awa 1 da minti 49. Minti uku kacal ka sadaukar, ka fanshi kusan sati guda na atisaye. Ribar ba ta tsaya nan ba: ka koya wa jikinka ƙara sauri a lokacin da ya fara gajiya, ka kuma koya wa zuciyarka haƙuri cikin taro, wanda shi ne abin da ba a samu idan mutum yana gudu shi kaɗai tsakanin gonaki. Inda aka fi faɗawa rami shi ne kilomita biyun farko. Ihu da kiɗa da turereniya kan sa mutum ya yi 4:35 bai sani ba, a kilomita ta 16 kuma jiki ya zo karɓar bashinsa. Ka duba agogo a alamar kilomita ta farko, idan ka yi sauri ka ja baya nan take.

Wasu kan bi wata hanya dabam: su hau keke awa uku ana gobe tsere, sannan su yi gudun duka a saurin da za su yi a Ironman, don jin yadda ƙafa mai gajiya take. Hanya ce mai ma'ana ga wanda ya taɓa yin gasar sau biyu ko uku. Ga ɗan fari irinka ban so ta, domin wannan darasin kana iya samunsa kyauta a gida: ka sauka daga keke, ka sa takalmi cikin minti biyar, ka yi gudun minti 20 zuwa 40. Ka riƙa yin haka sau ɗaya a sati. Ba sai ka biya kuɗin mota da na rajista ba.

Satin tseren ba satin kwanciya ba ne, ragewa kawai za a yi. A ce tseren ranar Asabar ne. Dogon kekenka ka yi shi Asabar ɗin da ta gabata, awa huɗu zuwa biyar, Lahadi gudun kilomita 14 a hankali. Litinin hutu ko ninƙaya. Talata keke awa biyu. Laraba gudun minti 40, a tsakiyarsa ka yi minti uku sau huɗu a saurin 5:00, da minti biyu na sassarfa a tsakani. Alhamis ninƙaya da keke awa ɗaya marar wahala. Juma'a hutu, ko minti 15 na warware ƙafa. Awa 12 ɗinka sun koma bakwai ko takwas. Ka isa garin da za a yi tseren tun ranar Juma'a da rana. Wanda ya kwana a takure cikin mota ya sauka da asuba ya shiga layi, ƙugunsa da bayan cinyarsa ne za su ba shi labari.

Abinci shi ne wurin da wannan tsere zai fi yi maka amfani, don haka zan tsaya a kansa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, ajiyar da ke isar mutum kimanin minti 90 zuwa awa biyu na gudu mai ƙarfi. A rabin fanfalaki za ka iya lallaɓawa ka ƙarasa ko ba ka ci komai ba. A Ironman wannan ba zai yiwu ba, sai ka riƙa shigar da giram 60 zuwa 90 na kabohaidiret, wato sukari da sitaci, a kowace awa na tsawon yini, ciki kuma sai an horar da shi kamar yadda ake horar da ƙafa. To ka mayar da tseren nan filin gwaji. Ana gobe, ka nemi kimanin giram 7 zuwa 8 ga kowane kilo na nauyinka, wato giram 455 zuwa 520. Dafaffiyar shinkafa giram 300 tana ba da wajen giram 85, ka ga ba abin da za a cinye a zama ɗaya ba ne. Ka rarraba: koko da burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwon shinkafa da miya marar yawan mai da magariba, tsakani kuma ayaba, dankali, gurasa. Wake, ɗan wake, kwaɗon zogale, yaji mai yawa da soye-soye a ɗaga musu ƙafa sai bayan tsere, don suna daɗewa a ciki kuma suna tayar da shi. Da safiyar tseren, awa biyu zuwa uku kafin a tashi, ka ci giram 70 zuwa 130: kofin koko da sukari, yankan burodi biyu ko uku da zuma, ayaba ɗaya. Fura da nono ka bar ta sai an gama.

Cikin gudun, ka fara ci a minti na 25 ko 30, sannan duk bayan minti 20, har ka tara giram 50 zuwa 60 a awa. Ayaba matsakaiciya giram 25 ce, babban cokali na zuma giram 17, ƙaramin dabino wajen giram biyar. Dabinon ka cire ƙwallon tun a gida, busasshe kuma ka jiƙa shi, in ba haka ba zai shaƙe ka kana haki. Zuma ka ƙulla ta a 'yan ƙananan ledoji, ka fasa da haƙori ka bi ta da ruwa. Sai dai ka tuna a babbar gasar abin da masu shiryawa suka ajiye a tebur shi za ka riƙa samu, yawanci 'yan fakitin sukari mai kauri da ruwan 'yan wasa. Ka binciki irin nasu, ka samo ko guda uku ne ka gwada a wannan tseren. Cikin da bai taɓa ganin abu ba yakan mayar da shi ta sama ko ta ƙasa.

Abin sha kana iya haɗa naka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, fiya wata biyu ke nan, babban cokali biyar na sukari a shafe, wato wajen giram 60, da rubu'in ƙaramin cokali na gishiri, a matsa lemun tsami. Sukarin shayi rabinsa gulukos ne rabinsa furuktos, kowanne da ƙofar da yake bi a hanji, shi ya sa haɗin ke shiga da sauƙi. Kada ka ninka sukarin da tunanin ƙarin ƙarfi, idan ya yi kauri sosai zama yake yi a ciki yana kumbura shi.

Hunturu yana yaudara. Da sanyin safiya da busasshiyar iska, zufa tana bushewa kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Ka auna da sikeli: hau kafin gudun awa ɗaya ba kaya a jiki, goge jiki ka sake hawa bayan ka dawo. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce, ka haɗa da abin da ka sha a hanya, ka sami yawan zufarka a awa. Burin shi ne kada ka rasa fiye da kashi biyu cikin ɗari na nauyinka, kilo 1.3 ke nan a wurinka. Ga mafi yawan mutane rabin lita zuwa mililita 750 a awa ya wadatar. Shan da ya wuce kima shi ma haɗari ne, musamman a doguwar gasa: ruwa zalla mai yawa yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai, kumburin yatsu da ruɗewa, har yakan kai ga rasa rai. Wanda ya gama tsere nauyinsa ya ƙaru, ya sha fiye da ƙima. Wannan awon sai ka maimaita shi idan zafi ya shigo, don lissafin Janairu ba zai yi aiki a Maris ba.

Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin tsere ko cikinsa, duk da yadda ake sayensu a kemis kamar alewa. Jikin da ke ƙarancin ruwa ya riga ya rage jinin da ke zuwa ƙoda, waɗannan magunguna kuma suna ƙara rage shi, ga cin bangon ciki. Haka nan idan zazzaɓi ya kama ka a satin, ko maleriya ce ko mura mai sauka a ƙirji, an fasa tseren, babu ciniki. Takalmi kuwa, ka sa wanda za ka yi Ironman da shi, bayan ka yi aƙalla kilomita 50 a cikinsa, da safar da za ka sa ranar. Ka shafa basilin a matsematsi, hammata, kan nono da tsakanin yatsu. Duk inda ya yi bororo a kilomita 21, a 42 da jiƙaƙƙiyar ƙafa rauni zai zama, gara ka gano shi yanzu.

Bayan an gama, cikin awa ta farko ka ci abinci mai sitaci da furotin giram 20 zuwa 30. Ga lokacin furarka da kindirmo ya zo, ka haɗa da dafaffen ƙwai biyu ko uku, kowanne yana ba da furotin giram shida. Lahadi tattaki ko ninƙaya mai sauƙi. Litinin da Talata keke na minti 45 zuwa awa ɗaya a giya mai laushi, ƙafa na juyawa da sauri ba tare da dannawa ba. Laraba ko Alhamis gudun farko, minti 25 zuwa 30 a kan burji. Asabar dogon keke na awa uku zuwa huɗu a natse. Dogon gudu sai kwana na takwas zuwa na goma. Kowace safiya kafin ka tashi daga shimfiɗa ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. Idan ya haura abin da ka saba da bugu bakwai zuwa goma kwana biyu a jere, ka ƙara kwana ɗaya na hutu.

Ka bambance ciwon gajiya da na rauni. Na gajiya yana kama ƙafa biyu daidai, a faɗin tsoka, yana raguwa idan jiki ya yi ɗumi. Na rauni gefe ɗaya yake, a wuri guda. Idan za ka iya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa ka ce nan ne, kuma tsalle da ƙafar yana tayar da shi, ana zargin tsagewar ƙashi, wadda ke cin sati shida zuwa takwas ba gudu. A lissafinka na sati tara ka san abin da hakan ke nufi. Agara mai tauri da zafi a takun farko na safe ita ma gargaɗi ce: a dakatar da gudu, a ci gaba da keke da ruwa, a ga likita. Fitsari mai launin baƙin shayi bayan tsere, tare da ciwon tsoka mai tsanani, asibiti ake zuwa a ranar.

Tunda ninƙaya ce abokiyar warwarewarka, ga wata magana a gefe. Ruwan dam da na magudanan noman rani a yankinmu yana ɗauke da tsargiya, ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, an fi samunta a bakin ruwa mai ciyayi. Tana rage jini a hankali, mai gudu kuma da jini yake aiki. Idan a Tiga kake ninƙaya, ka je a gwada fitsari da bahaya da yawan jininka yanzu, ba sai ka ga jini a fitsari ba. Maganinta praziquantel, ma'aikacin lafiya ne zai auna maka gwargwadon nauyinka. Kuma kada ka shiga zurfi ba tare da mai kwale-kwale yana biye da kai ba.

Sakamakon tseren ka karanta shi da hankali. Ƙa'idar Riegel za ta ce mai awa 1 da minti 46 zai yi cikakken fanfalaki a wajen awa 3 da minti 41. Wannan ga mai ƙafa sabuwa ne, wanda bai yi awa takwas yana ninƙaya da tuƙa keke ba. A Ironman ɗinka na farko ka tsara 6:00 zuwa 6:20 a kilomita, wato awa 4 da minti 13 zuwa awa 4 da minti 27, tare da takawa na daƙiƙa 30 a kowane teburin ruwa don ka ci ka sha da kyau. Kilomita biyar na farko bayan sauka daga keke ƙafa takan yi saurin da ba ka umarce ta ba, saboda ta saba da juyin feda. Nan ma agogo za ka bi, ba ji a jiki ba.

Idan azumi ya faɗo cikin satuttuka biyar na aikin, ka mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki ko bayan tarawi a hanyar da ka sani, da fitila a goshi da wani a kan babur yana haska maka, mai sauƙi kuma ka yi shi awa ɗaya kafin magariba. Dogon keke na awa biyar ba ya yiwuwa da baki a rufe, don haka ka jawo mafi tsawonsu guda biyu ka yi su kafin a ga wata, ko da hakan zai sa ka ƙara sassauta kilomita bakwai na ƙarshen tseren nan zuwa 5:10.